Yadda na cike kuɗin gidan haya

Gidan da na so in saya yana Rijiyar Zaki a Kano, ɗaki huɗu da shago a ƙofa. An tsaya a miliyan 18, ni kuwa 13 ce a hannuna, kuma ba na son bashi mai ruwa.

Na sami mai gidan da kaina: "Alhaji, a ɗaga mini ƙafa wata shida." Ya amince. Muka rubuta a gaban mai unguwa da shaidu, takardu na wurinsa sai na cika.

'Yan adashinmu suka bar mini kwasar farko. Telan da ke shagon ya biya hayar shekara biyu, bayan na yi masa ragi. Ragowar miliyan biyu yayata ta zuba, muna raba haya gwargwadon kasonta. Ran da na karɓi takardun, hannuna har rawa yake.