Yadda Ake Gane Tsabar Kuɗi Mai Kuskuren Bugu da Sanin Darajarta

Tambayar nan ta yawaita, don haka ga matakan bi da bi.

1. Riƙe tsabar ta gefenta, domin maiƙon yatsa yana barin tabo.
2. Duba ta da gilashin ƙara girma, ka nemi hoton da ya kauce daga tsakiya, ko rubutun da ya fito biyu-biyu kamar na wasu tsabar senti ɗaya na Amurka da aka buga a 1955.
3. Auna nauyinta, ka kwatanta shi da na wata irinta mai lafiya.

Hattara: lotsewa ko ƙarcewar da ta same ta a hannun jama'a ba kuskuren bugu ba ne. Kada kuma ka goge ta don ta yi ƙyalli, hakan yana karya darajarta.

4. Bincika nawa aka sayar da irinta a gwanjo, domin kuɗin da mai kaya ya yanka ba ma'auni ba ne.
5. Idan ta yi alamar tsada, aika ta PCGS ko NGC, kamfanonin Amurka masu tantance tsabar kuɗi, su tantance ta.