Yadda ɗalibin Sakkwato zai shiga binciken raƙuman teku da tafiyar yashi

Daga Sakkwato zuwa bakin teku a Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, shi ya sa ɗalibanmu da yawa ke ɗaukar binciken gaɓar teku aikin mutanen kudu ne kawai. Ban yarda da wannan ba. Ralph Bagnold, sojan Ingila da ake lissafawa cikin waɗanda suka aza harsashin wannan ilimi, a hamadar Masar da Libiya ya fara, yana duba yadda iska ke tura rairayi, ya wallafa littafinsa a kan haka a 1941, daga baya ne ya koma kan yashin koguna da na bakin teku. Wanda ya tashi yana ganin iskar hunturu tana tara rairayi a gindin darni a Illela ko Tangaza ya riga ya ga tambayar da ake nema wa amsa, wato wane ƙarfi ne ke ɗaga ƙwayar yashi, ina yake kai ta, kuma nawa yake kwasa a shekara.

Ka fara da lissafi. Ko fiziks kake karantawa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko lissafi, ko ilimin duwatsu, ko injiniya, ka riƙe kalkulas da darasin motsin ruwa da hannu biyu, domin manhajojin da za ka yi aiki da su daga baya lissafin nan ne aka zuba a kwamfuta. Ka haɗa da koyon Python, wato harshen rubuta manhajar kwamfuta, tun kana aji biyu.

Daga nan ka san yashi da hannunka. Ka je gulbin Rima da rani, inda masu tifa ke loda, ka ɗebi ƙunshi ɗaya a tsakiyar kwarin, ɗaya a gefe inda ruwa ke kwanciya, ka rubuta wuri da rana a jikin kowace leda. Ka busar da shi sarai, ka auna giram 100, ka zuba a jerin rariyar ɗakin gwaji da aka ɗora bisa juna, mai manyan idanu a sama, ka girgiza na kimanin minti goma, sannan ka auna abin da ya tsaya a kowace rariya. Abin da ya faɗa tsakanin milimita 2 da 0.063 shi ne yashi, wanda ya fi haka laushi kuwa ya shiga sahun laka. Lambar da kake nema ita ce girman ƙwaya na tsakiya, wanda rabin nauyin ya fi shi kauri, rabi ya fi shi laushi, kuma ita ce za a fara tambayarka duk inda ka je da batun yashi. Bayan haka ka karanta aikin masana biyu, na Hjulström na 1935 da na Shields na 1936, a kan ƙarfin da ruwa ke buƙata kafin ya motsa ƙwaya. A nan za ka tarar da abin da maginan tukwane suka daɗe da sani: laka mai danƙo ta fi yashi mai laushi wuyar ɓamɓarewa, duk da ƙwayoyinta sun fi ƙanƙanta, saboda suna manne da juna. Wannan bambanci ne ya sa lissafin da ya dace da gaɓar Legas mai yashi ba ya aiki yadda yake a Ayetoro ta Jihar Ondo, inda gaɓar laka ce kuma teku ke cin gari.

Raƙumin ruwa kuma yana da ƙa'idojinsa, kuma ya kamata ka iya su da biro da takarda. A ruwa mai zurfi, wanda ke maimaita kansa duk daƙiƙa 10 tsawonsa, wato tazarar da ke tsakanin tozo ɗaya da na bayansa, kusan mita 156 ne. Yana fara jin ƙasa idan zurfin ya gaza rabin tsawonsa, sai ya rage gudu, ya ƙara tudu, ya karkata, ya fashe idan tudunsa ya kai kusan kashi 78 cikin 100 na zurfin wurin. In ya zo a karkace, fashewar tana haifar da gudun ruwa mai bin gefen gaɓa, wanda masani Longuet-Higgins ya fayyace lissafinsa a 1970. Wannan gudu ne ke jigilar yashi.

Misalin da ya fi dacewa ka yi gwaji da shi na gida ne. Raƙuman da ke dukan gaɓar Legas daga kudu maso yamma suke tahowa, saboda haka yashi daga yamma yake tafiya zuwa gabas. Da aka gina katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912, yashi ya riƙa taruwa a yammacinsu, gabas kuwa, wato Bar Beach, ta rasa abin da ake kawo mata, teku ya yi ta cin ta shekara da shekaru. Mutumin Sakkwato ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin madatsun ruwa irin na Goronyo da Bakolori su ma suna tare yashin da da ya wuce ƙasa. Ka sauko da hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat, waɗanda ake ɗauka tun 1972, da na Sentinel-2 tun 2015, duka kyauta ne, ka zana layin gaɓa shekara bayan shekara, ka auna mita nawa ya ja baya ko ya ƙaru.

Sai bayan wannan za ka taɓa manhajojin kwaikwayo, wato masu kwaikwayon motsin ruwa da yashi a kwamfuta. SWAN, wadda Jami'ar Fasaha ta Delft a ƙasar Holan ta ƙera, tana lissafa yadda raƙuma ke sauyawa daga zurfi zuwa gaɓa. XBeach ta fi dacewa da ɓarnar guguwa ta 'yan kwanaki, Delft3D kuma tana haɗa gudun ruwa da tafiyar yashi da sauyin siffar ƙasa. Bayanan iska da raƙuma za ka samu a rumbun ERA5, na zurfin teku kuma a GEBCO, sai dai GEBCO ba ta da dalla-dalla a kusa da gaɓa, inda aikinka yake. Ka fara da ƙaramin yanki mai manyan gidajen lissafi, wato gidajen da manhaja ke yanka taswira a kansu kamar na dara, wanda kwamfutar cinya za ta gama cikin 'yan mintuna kafin a ɗauke wuta, ka riƙa sauya abu ɗaya a kowane gwaji, kana rubutawa a littafi.

Abin da ya fi damuna shi ne taswira mai launi tana ruɗar mai koyo, har ya ɗauka gaskiya ce ta fito. Manhaja za ta ba ka amsa ko da ƙarya ka zuba mata, kuma a kan irin wannan amsa ake yanke shawarar inda za a gina katanga, da gidajen da za a bari ruwa ya ci. Dole ne ka raba ma'auninka na zahiri, wato abin da aka auna a bakin tekun, gida biyu, ka daidaita manhajar da kashi ɗaya, ka jarraba ta da ɗayan da ba ta taɓa gani ba, ka kuma faɗi girman kuskuren a rubutunka ba tare da ɓoyewa ba.

Ma'aunin zahiri kuwa ba a Sakkwato yake ba, don haka tafiya ta kama ka. Ka nemi yin horon aikin ɗalibai ko hidimar ƙasa a cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Legas, wadda aka kafa a 1975, ka kuma duba digiri na biyu a Jami'ar Legas, ko Jami'ar Kalaba, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure. Don karatun waje akwai tallafin asusun bunƙasa fasahar man fetur na PTDF, da na Commonwealth. Idan za ka rubuta wa farfesan da kake so ya duba aikinka, ka taƙaita gaisuwa, ka ambaci takardarsa ɗaya da ka karanta da abin da ka fahimta a ciki, ka liƙa jadawalin yashin Rima da zanen gaɓar Legas da ka yi da kanka, sannan ka faɗi tambaya ɗaya tak da kake son bi a shekaru biyu masu zuwa.