Yaran da aka haifa da toshewar hanyar abinci: kurakuran da na gaji da gani

Iyaye mata ƴan uwana, abu ɗaya ake ta maimaitawa nan Garwa har ya ishe ni. Ciwon nan shi ne a haifi yaro bututun da ke kai abinci ciki bai haɗe ba, na sama ya toshe, kuma a wajen 85 cikin 100 na ƙasan ya je ya manne da hanyar numfashi. Ana gyarawa da tiyata, tun 1941 aka fara cin nasara a Amurka, amma matsalar daga gare mu take.

Babban kuskure ɗura. Jariri na ta kumfa a baki, miyau na dalala, an sa masa nono ya ƙware har leɓensa ya yi duhu, maimakon a tsaya sai kaka ta ce beli ne a kira wanzami, gwaggo ta kawo zamzam, wata ta jiƙa dabino, ga rubutu a kofi ana ɗiga masa da cokali. Haba jama'a! Hanyar a toshe take, duk abin da kuka ɗiga huhu yake zarcewa. Nawa yaron haka dangi suka yi ta masa ina kwance ban san inda kaina yake ba, kafin mu kai Yawunde huhu ya riga ya kamu, dole likitoci suka jinkirta aikin, kuɗin da muka kashe kam sai da aka sayar da shanu. In kin ga kumfar nan kar komai ya shiga bakinsa, ko nono, ɗaga kansa sama ku tafi lopital, wato asibiti. Za su zura sondi, wani siririn bututu, ta baki ko hanci, in ta tsaya wajen santimita 10 ta ƙi wucewa sai a yi rediyo, wato hoton ƙirji, a tabbatar. Mai juna biyun da eko, wato hoton ciki, ya nuna ruwan cikinta ya yi yawa, don Allah kar ta haihu a gida.

Na biyu, an sallame ku bayan tiyata sai a jefa karne, littafin asibitin, ƙarƙashin katifa a manta da randebu, wato ranar komawa wurin likita. Wurin da aka ɗinke bututun yana tsukewa fa, sau da yawa a shekarar farko, yaro ya dinga jinkirin shan nono ko yana dawo da kunu, ku kuma kuna cewa haɗama ce ko sangarta. Buɗawa ake yi a lopital, wani sai an maimaita. Omeprazole ɗin ma, maganin rage tsamin ruwan ciki, kar ki yanke don kin ga ya yi ƙiba, ruwan ciki mai tsami da ke hawowa shi ke ƙara tsuke wurin. Kuma bibiya har ya girma ce, ba ta shekara ɗaya ba.

Ni a gidana har yau yarona ba ya cin soya ko kilishi sai na yayyanka ƙanana, burodi sai an tsoma a shayi, loma ɗaya kurɓi ɗaya, kuma ba ya kwanciya da ya gama ci. Ƴan biki su yi ta cewa na cika iyayi, su suka sani.

Tarin nan mai ƙara kamar ana buga gwangwani, hanyar numfashinsu ce mai laushi, ku daina ɗirka musu siro na kasuwa, amma in da zazzaɓi ko numfashi sama-sama a koma likita. A duba zuciya da ƙoda ma, kusan rabin yaran suna zuwa da wata matsalar. Malamin makaranta kuma a gaya masa, kar a bar shi yana tseren cin gyaɗa da yara lokacin tara.