Kurakuran da ke sa mutum ya daburce gaban kyamara

Mai atamfa a Babbar Kasuwar Katsina zai yini yana ciniki bakinsa bai sarƙe ba, amma da an ɗaga masa waya an ce ya tallata hajarsa a TikTok, sai murya ta fara rawa. Dalili kuwa mun saba da mai amsa mana. Kana magana ana cewa "na'am", "ƙwarai", "haka ne". Kyamara ba ta amsawa, shi ya sa kake jin kamar ka yi ɓaranɓarama ko da ba ka yi ba.

Babban kuskure shi ne ka ɗauka dubban mutane kake wa jawabi. Nan take sai ka rikiɗe ka koma mai karanta labarai, har ka ga Bakatsine yana ta fama ya ɓoye Katsinancinsa, alhali shi ne daɗin maganarsa. Zaɓi mutum ɗaya a ranka, ko tsohon abokin cinikinka ko ƙaninka, ka yi masa bayani yadda kuka saba. In abin ya faskara, sa wani ya tsaya bayan wayar yana gyaɗa kai har ka saba.

Sai ido. Yawancinmu fuskarmu muke kallo a allon waya, ita kuwa kyamarar tana can sama, don haka mai kallo sai ya ga kamar hankalinka na wani wuri. Ga kuma tarbiyyar sunkuyar da kai gaban manya. A zaure ladabi ne, amma a bidiyo sai a ga kamar ba ka yarda da abin da kake faɗa ba. Manna 'yar takarda kusa da kyamarar ka riƙa dubanta, ka kuma kafa wayar daidai idonka, kada ta zauna ƙasa tana leƙen hancinka.

Kada ka haddace. Kalma ɗaya na kuɓucewa, sauran sun bi ta. Rubuta kanun magana biyu ko uku, shi ke nan. Gaisuwa ma sallama ɗaya ta isa. Kafin ka gama tambayar gida da gajiya, mai kallo ya wuce.

Wasu da sun ji muryarsu sai su goge bidiyon, wai ta yi siriri. Ba abin da ya same ta. In kana magana, sautin yana isa kunnenka har ta ƙasusuwan kai, shi ya sa kake jin ta da kauri. Wadda waya ta ɗauka ita ce mutane suka sani tuntuni.

Ka fuskanci haske, kada ka ba shi baya. Rana tsaka tana jefa inuwa ƙarƙashin ido, gara da safe ko bayan la'asar. Iskar hunturu, janareto da masu Keke Napep na Ƙofar Ƙaura duk sukan danne murya, don haka matso kusa da wayar, ka ɗauki gwaji na daƙiƙa 10 ka saurara kafin ka fara.