Yadda za ka kwashe kifi kafin ka gyara tafkinsu na gida

In tafkin simintinka ya tsage yana yoyo, kada ka yi gaggawar zubar da ruwan. Daina ba kifin abinci tun kwana guda kafin aikin, don kada kashinsu ya ɓata ruwan da za su koma.

Nemi babban baho ko duron roba, amma ban da wanda ya taɓa ɗaukar man fetur ko maganin ƙwari. Ajiye shi a inuwa, ko gindin dogon yaro ne, ka cika shi da ruwan tafkin nan da suka saba da shi. Ruwan famfo yana da kulorin, maganin tsabtace ruwa mai cutar da kifi, sai ya kwana a buɗe kafin a ƙara shi.

Yi aikin da sassafe. Zafin Maraɗi a watan Afrilu kan haura digiri 40, ruwa mai ɗumi kuwa iskarsa kaɗan ce. Rage ruwan tafkin ya dawo iya idon sawu, sannan ka kamo kifin da koma ka zuba a bahon, hannunka a jiƙe. Yi hankali da ƙayar tarwaɗa, sukarta ba daɗi. Rufe bahon da raga, don tarwaɗa da tsalle take fita. Ni kaina na taɓa tsintar ɗaya da safe ta bushe a cikin yashi. Karfasa ba ta da juriyar tarwaɗa: in ka ga tana buɗe baki a saman ruwa, canja kashi ɗaya cikin uku na ruwan bahon nan take.

Sabon siminti na ƙona kifi. Bari ya bushe, ka jiƙa shi kwanaki kana canja ruwan, sannan ka gwada da kifi biyu tukuna.