Yadda Ake Kare Rai da Gida Daga Guguwar Dusar Ƙanƙara a Garin Kan Tsauni

Duk wanda zai yi hunturu a garin da ke kan tsauni ya kamata ya san cewa yanayi yana ƙara sanyi da kimanin digiri 6.5 na ma'aunin Selshiyas a kowace mita 1,000 da aka hau. Shi ya sa ruwan da ke sauka a kwari yakan zama dusar ƙanƙara a can sama, ya toshe hanya, ya tsinka wayoyin lantarki. Tun kafin hadari ya haɗo a tanadi abincin kwana 3 wanda ba ya buƙatar girki, da ruwan sha kamar lita 4 ga kowane mutum a rana, da magungunan masu jinya, da tocila, da rediyo mai batir. Ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, kuma wannan ne ke fasa bututu, saboda haka a naɗe bututun da ke waje, a bar famfo yana ɗiga a daren da sanyi ya tsananta.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗarin da ke cikin ɗaki, domin mutane suna tsoron sanyi har su manta da wannan haɗari. Idan wuta ta ɗauke, sai wani ya shigo da janareta ko kaskon gawayi, ya rufe ƙofa da taga ruf. Duk abin da ke ƙona mai ko gawayi yana fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Takan fara da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, sannan barci mai nauyi, kuma mai barci ba ya jin zuwanta. Janareta wurinsa waje, aƙalla mita 6 daga gida, salansarsa tana kallon nesa da taga. Kada a kunna shi a gareji ko da ƙofar a buɗe take. A sa na'urar da ke yin ƙara idan ta ji wannan iska kusa da ɗakunan kwana, kuma bayan kowace zuba a zagaya bango a share bakin bututun hayaƙin na'urar ɗumama gida, don dusar da iska ta tara takan toshe shi. Idan mutanen gida biyu ko uku suka kama ciwon kai lokaci guda, a fita da kowa waje nan take, a kira masu agajin gaggawa.

Kwashe dusar ƙanƙara aiki ne mai nauyi fiye da yadda ido ke gani. Busasshiya tana tashi daga shebur kamar gari, amma jiƙaƙƙiya tana ninka ta nauyi sau da yawa, ga shi kuma sanyi yana matse jijiyoyin jini, zuciya ta yi aiki biyu. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ya bar wa wani wannan aiki. Mai yin sa kuwa ya riƙa turawa maimakon ɗagawa, ya durƙusa da gwiwa idan ɗagawar ta zama dole, ya kwashe kaɗan-kaɗan tun ana zuba. Da zarar ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ko numfashi ya gagara, ya ajiye shebur ya nemi taimako. Kada a watsa dusar a titi, kuma a janye mota daga gefen hanya domin motar ture dusa ta wuce. Gishiri yana narkar da ƙanƙara, amma ƙarfinsa yana raguwa sosai idan sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifili, a nan yashi ya fi amfani don hana santsi.

Rufin gida ma yana da iyakar abin da zai ɗauka. Ƙofar ciki da ta fara cijewa, ko sabuwar tsaga a bango, ko ƙarar katako da dare, alamu ne na nauyi ya yi yawa. A janyo dusar daga ƙasa da doguwar manjagarar rufi, ana tsaye a gefe, ba a hau ba.

Yatsa ko kunnen da ya yi fari ya daina ji, sanyi ne ya ci shi. Kada a murza shi, kada a kara shi a wuta. A tsoma shi a ruwa mai ɗumi kamar digiri 37 zuwa 39, sannan a kai mutumin asibiti. Wanda yake karkarwa yana magana a sarƙe, a cire masa jiƙaƙƙun tufafi a lulluɓe shi da bargo.

Tafiya a cikin guguwa a bar ta sai dole. Dusar ƙanƙara ta fi zaftarewa a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45, musamman lokacin zuba da kwana ɗaya ko biyu bayanta, don haka hanyar da hukuma ta rufe a bar ta a rufe. Wanda zai fita ya cika tanki, ya ɗauki sarƙar da ake ɗaura wa taya don hana santsi, da bargo da shebur, ya gaya wa wani hanyar da zai bi. Idan motar ta maƙale, ya zauna a cikinta, ya share bakin salansa, ya kunna inji kamar minti 10 a kowace awa da gilashi a ɗan buɗe, ya ɗaura ƙyalle mai haske a inda masu ceto za su hango shi.