Furojet a kan maganin gargajiya: yadda za ka bi shi daga bakin mai magani har lab

Duk shekara idan lokacin furojet ya kama, wato binciken da ɗalibi yake yi a shekarar ƙarshe ta digiri, sai ka ga ƙannenmu na Jami'ar Jos suna ta zirga-zirga tsakanin Bauchi Road da Naraguta, kowa da fayil a hammata, kuma da yawansu ganye ɗaya suke bi ba su sani ba. Mai karatun tsirrai zai gwada ganyen a kan ƙwayar cuta, ɗan famasi zai ɗura wa ɓeraye, ɗan medisin zai raba takardar tambayoyi a asibiti, shi kuma ɗan harshe da adabi yana can kasuwa yana naɗar kirarin masu magani, kuma ba mai leƙa aikin wani. Ni na bi ta wannan hanyar na sha wuyarta, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku yadda ake yi, don gaskiya inda aka fi faɗuwa ba a lab ba ne, tun wajen suna ake faɗuwa, sunan ganyen da sunan cutar.

Fara da matse tambayarka. "Amfanin itatuwa wajen magani a jihar Filato" wannan aikin shekara goma ne, kai kuma simista ɗaya gare ka. Ɗauki itace ɗaya, ciwo ɗaya, wuri ɗaya, misali sassaƙen marke da masu magani a Jos ta Arewa suke bayarwa don tari. Idan sufabaiza ya ce ya yi ƙanƙanta ka ce masa to Malam, amma kar ka yarda ka faɗaɗa shi har ya fi ƙarfin aljihunka.

To yanzu maganar suna, nan zan daɗe. Idan tsohuwa ta ce maka "wannan maganin shawara ne", me za ka rubuta? Yawanci sai yaro ya buɗe ƙamus ya ɗauko kalmar Turanci ɗaya ya manna, shikenan. Alhali shawara a bakin mutane ta fi abin da likita yake nufi faɗi, wani idan ido ya yi rawaya yake cewa shawara, wani kasala da rashin cin abinci da fitsari mai duhu, wani ma zazzaɓin da ya ƙi jin magani. Haka basir, a asibiti abu ɗaya ne takamaimai, amma a wajen mai magani yana iya haɗawa da kumburin ciki da ciwon baya da raunin namiji duk a ciki. Sanyi kam kar ma a yi magana, daga ciwon gaɓoɓi har cutar da ake ɗauka ta saduwa duk sanyi ne. Saboda haka kar ka tambayi sunan cuta kawai ka tashi, ka ce "Baba, wanda yake da ita yaya ake gane shi, me yake ji, kwana nawa take yi, yara take kamawa ko manya", ka rubuta alamomin yadda ya faɗe su, daga baya ka zauna da wani likita ko ɗalibin medisin da ya fara aiki da majinyata a asibiti ku duba tare. Wani lokacin za ku ga suna ɗaya ya rufe cuta uku, to haka za ka rubuta a cafta ta huɗu, ta sakamakon bincike, wannan kansa sakamako ne ba matsala ba.

Sunan itace ma haka. Dogonyaro da darbejiya da bedi duk bishiya ɗaya ce, Azadirachta indica, ya danganta da garin da mutum ya fito, sannan akwai akasin haka, suna ɗaya a kan tsiro biyu ko uku. Mu a Jos abin ya fi rikicewa, domin mai maganin yana iya zama Birom ko Afizere ko Anaguta ko Ngas, yana da sunan ganyen a yarensa, don ku fahimci juna ne ya lalubo sunan Hausa mafi kusa ya ba ka, kuma ba lallai ya zama shi ne abin da Bakano yake kira da wannan sunan ba. Ka karɓi sunan a yarensa ma, ka sa ya maimaita ka naɗa. Akwai wani likita Bature, Dalziel, da ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, har ma hano da sunansa aka raɗa masa na kimiyya, Boswellia dalzielii, sannan ga ƙamusun Bargery na 1934 da yake cike da sunayen itatuwa da cututtuka. Ka duba su, suna taimakawa sosai, amma ba za su maye maka gurbin zuwa daji ba.

Abin da nake nufi, kar ka sayi garin magani a ƙulle a leda a Taminus ko Farin Gada ka kai lab ka ce ganyen kaza ne. Wa ya shaida? Ka roƙi mai maganin ya kai ka gindin bishiyar ko ya haɗa ka da yaronsa, ka yanko reshe mai ganye, in da fure ko 'ya'ya ka haɗa da su don da su ake tantancewa, ka ɗau hoto, ka rubuta kwanan wata da wurin da lambar taswira da wayarka za ta ba ka, ka shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu ka danne da abu mai nauyi, kana canza jaridar kar ya yi fumfuna, musamman da damina, kun dai san ruwan Jos a watan Agusta. Daga nan ka kai ma'ajiyar busassun tsirrai, akwai a Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke nan Jos, akwai a ABU Zariya, akwai babba a Ibadan, masani ya duba ya tabbatar ya ba ka lambar ajiya. Wannan lambar ita ce katin shaidar ganyenka, in babu ita duk wanda ya san aiki a difens, ranar da za ka kare aikinka a gaban malamai, tambaya ɗaya zai yi maka ka zauna.

Kafin ka fara hira da kowa, balle taɓa majinyaci ko jininsa ko fayil ɗinsa, sai ka samu takardar izini daga kwamitin ɗa'ar bincike. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, yana da nasa, ma'aikatar lafiya ta jiha ma haka, gwajin dabbobi ma da nasa izinin, kuma abin yana cin makonni don haka ka miƙa da wuri. Yara suna ganin wahalarwa ce kawai, amma mu 'yan Arewa bai kamata a yi mana dogon bayani ba, mun san abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau, da aka yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, wajen rabinsu ne aka ba Trovan ɗin, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko iyayen sun san gwaji ake yi. Takardar amincewarka ka fassara ta da Hausar da kakarka za ta gane, wanda bai iya karatu ba ka karanta masa a gaban shaida, ka gaya masa yana da damar cewa a'a.

Shiga wajen mai magani kuma ba kamar shiga ofis ba ne. Ka bi ta hannun mai unguwa ko wani da ya yarda da shi, ka je ka gaishe shi ranar farko ba tare da ka zaro biro ba, ɗan goro ko abin sayen sabulu ba laifi. Ki sani ke ɗaliba, ungozoma za ta gaya miki abin da har abada ba za ta gaya wa namiji ba, wannan dama ce gare ki. In ya ce wani haɗin sirrin gidansu ne, gado ne, ka bar masa abinsa, kar ka yi masa wayo ka kunna rikoda a aljihu.

In ya yarda ka naɗa, to a nan ne ɗan kimiyya yake bukatar kunnen ɗan adabi. Ka rubuta maganar kalma da kalma kafin ka fassara komai. Jiƙawa daban, dafawa daban, turarawa daban, sirace daban, "a sa jar kanwa" ba ado ba ne a maganar, kanwa tana canza ruwan, tana iya canza abin da zai fito daga ganyen. A kunu ake sha ko a nono, da safe kafin a ci komai ko da dare, ɓawon gabas ko na yamma, duk ka rubuta ko da kana ganin camfi ne, ba aikinka ba ne ka tace tun a fili. Kuma ka iya bambance kirari da bayani, mai magani da lasifika a kasuwa idan ya ce maganinsa na kashe cuta ɗari kambamawa ce irin ta kirari, haka salon yake, shi kansa in kun zauna a zaure zai gaya maka guda biyu ko uku da ya fi yarda da su.

In kana ganin wannan ɓata lokaci ne, duba labarin Tu Youyou ta ƙasar Sin. Ita da abokan aikinta suna neman maganin zazzaɓin cizon sauro, suna tafasa ganyen qinghao sakamakon yana fitowa yau da kyau gobe babu, sai ta koma wani tsohon littafin magani na Ge Hong, na wajen ƙarni na 4, ta ga an ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, ba a ce a dafa ba. Daga wannan jimlar ta gane zafi ne yake lalata sinadarin, ta canza zuwa tatsa a ƙaramin zafi, a 1971 abin ya yi aiki, daga nan aka samu atemisinin da yake cikin magungunan maleriya da muke sha yau, ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Karatun nassi ne fa ya warware matsalar lab. Mu ma muna da namu rubuce-rubucen, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan magani da Larabci, kuma gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 yana da tarin tsofaffin rubuce-rubucen hannu, in kana da aboki mai Larabci da ajami ka ja shi ku je. Af, kar ka ji an ce tazargade ka rubuta cewa shi ne ainihin ganyen na Sin, dangi ne, amma sai ma'ajiyar tsirrai ta faɗa maka wanne ne a hannunka.

A lab ba zan cika ku da surutu ba, masu kula da lab sun fi ni sani, ka girmama su, sun fi wasu lakcarori amfani a wannan matakin. Ka shanya a inuwa ba a rana ba, ka auna nauyi kafin da bayan tatsa. In mutane da ruwa suke jiƙawa, to ka gwada na ruwa ma, kar ka yi na metanol, sinadarin da ake tatsa da shi a lab, kaɗai ka ce ka tabbatar da maganar Baba, Baba bai taɓa ganin metanol ba. Kowane gwaji sau uku, da maganin asibiti da aka san yana aiki a gefe ɗaya, da ruwan da ka narkar da samfurin shi kaɗai a ɗaya gefen, in ba haka ba ba ka san wa ya kashe ƙwayar cutar ba. Farantin da aka shuka ƙwayar cutar a ciki yana kwana a inkubeta, na'urar ɗumamawa, a digiri 37 na awa 18 zuwa 24, in an ɗauke wuta tsakar dare ka rubuta a littafinka ka sake, ni sai da na sake nawa sau biyu, na yi kamar in yi kuka. Masu neman ɓeraye ko ƙwayoyin gwaji yawanci Vom ake nufa, cibiyar binciken dabbobi da take can tun 1924.

In ganyen bai yi komai ba ka rubuta bai yi ba, kar ka zauna a ɗaki ka ƙirƙiro lambobi, ana ganewa, lambobin ƙarya sun cika kyau. In kuma ya yi, kar ka rubuta "yana warkar da taifod", abin da ka gani shi ne ya hana ƙwayar cuta girma a faranti, tsakanin faranti da cikin ɗan Adam akwai tafiya mai nisa, akwai gwajin guba, akwai hanta da ƙoda. Niprisan da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar don masu sikila daga haɗin gargajiya ya fito, har da masoro da kanumfari a ciki, amma sai da ya bi duk waɗannan matakan har gwaji a kan majinyata.

Cafta ta biyu kuma, ta bitar ayyukan baya, ka nemi aikin da aka riga aka yi da sunan kimiyya a rumbunan takardun bincike na intanet, PubMed da Google Scholar da AJOL, kuma ka gwada tsohon suna da sabo don ana canza su, bagaruwa da aka sani da Acacia nilotica yanzu Vachellia nilotica ce. Sauke manhajar Zotero tun ranar farko, kyauta ne, ya riƙe maka duk abin da ka karanta. In ka tambayi manhajar AI ta ba ka madogara, ka bi kowace ɗaya ka buɗe ta da idonka, suna ƙirƙiro takardun da ba a taɓa rubutawa ba da sunayen marubuta har da shekara. Masu raba takardar tambayoyi kuma, wannan 384 da kowa yake kwafa a matsayin yawan mutanen da za a tambaya yana da asali, lissafi ne da ake yi idan an ɗauka rabin mutane suna da abin kuma an yarda da kuskuren kashi 5 cikin ɗari, in masu magani ashirin ne kaf a unguwannin da ka zaɓa ba ruwanka da shi, ka yi hira da su ka bayyana yadda ka same su.

Muryoyin da ka naɗa da hotunan ka tura su imel ɗinka a ranar, waya tana faɗawa ruwa, ana kuma fizge ta a keke. Sunayen waɗanda ka yi hira da su ka mayar da su lamba a cikin rubutun sai in mutum ya ce a sa nasa. Bayan difens ka rubuta shafi ɗaya da Hausa, abin da ka gwada da abin da ka gani, in akwai alamar guba a yawan sha ka sa a ciki, ka hau mota ka kai wa Baba ka karanta masa.